Ranar da Sauro Ya Kayar da Ƙirya

Rana ta faɗi, amma duhu bai gama sauka ba, irin lokacin nan da kaji suke shiga akurki da kansu, iyaye mata kuma suna leƙa ƙofa suna kiran yara su shigo. A gidan Mai Sauro babu abin da ya bambanta da jiya. Matarsa tana bakin murhu tana jiran ruwan shinkafa ya tsotse. Shi yana zaune a kan benci a ƙarƙashin rumfar kwano da ke bayan ɗaki, ya ɗora injinsa na yankan itace a cinya yana goge shi da tsumma, yana murmushi shi kaɗai. 'Yarsu ta jingina da kafaɗarsa tana ba shi labarin makaranta, wanda rabinsa bai shiga ba, domin tun da rana kunnuwansa suke ƙara.

Yarinyar ita kaɗai Allah ya bar musu. Shekararta goma, kuma tun da ta fara tafiya take bin ƙafar ubanta, har unguwa ta manta da sunanta na yanka, kowa sai 'Yar Baba. Uwar takan ce ita wahalar haihuwa kawai ta sha, 'ya kuwa ta mai ita ce. In akwai abin da mutumin nan yake tsoron rasawa a duniya, to yarinyar nan ce da yadda take jingina da shi ba tare da ta duba ba.

Sai wani abu ya faɗo a kan kwanon rumfar, ƙwal. Suka ɗaga kai. Kafin su sauke, wani ya sake faɗowa, ya gangaro ya tsaya a gaban benci.

"Yaran gidan baya ne," in ji matar daga bakin murhu. "Wallahi yau sai na haɗa su da uwarsu."

Mai Sauro ya tashi ya zagaya. Lungun bayan gidan babu kowa, ko akuya. Da ya dawo ya sunkuya ya ɗauki abin da aka jefo, sai ya ga ba dutse ba ne. Guntun itace ne ja, ɗanye, da sawun haƙoran sarƙa a jikinsa, kuma da ɗumi kamar ƙwan da kaza ta tashi a kai. Ya san itacen. Ƙirya ce, kuma ƙirya ɗaya ya sare a rayuwarsa, yau ɗin nan, can wajen gari, bai kuwa taho da ko tsinke daga jikinta ba. Ya zura guntun a aljihu.

Da matar ta buɗe tukunya, sai ta tsaya da murfi a hannu. Garin katako ne ja ya rufe saman shinkafar, alhali tun da ta rufe ba ta ɗaga daga wurin ba.

Sai an koma baya kaɗan kafin a gane yadda aka zo nan. Sana'ar mutumin sare itace ce, kuma injinsa ƙarami ne, irin wanda aka yi don rage rassa da daddatsa itacen girki. A bakin kasuwar katako, inda masu irin wannan aiki suke zama jiran kira, kowa yana da babban inji mai ruri. Nasa kuwa in ya tashi sai ya riƙa wani siririn kuka, shi ya sa suka sa masa Sauro, shi kuma ya zama Mai Sauro. In ya sami aikin babbar bishiya, yini biyu yake yi. Ranar farko ya hau ya sauke rassa, ya sauko ya yanka mata baki a gindi, a nan injin zai ɗau zafi, ya yi tari, ya mutu. Sai ya saɓa shi ya tafi gida, washegari da sanyin safiya ya dawo ya ƙarasa. Haka yake yi shekara da shekaru, kuma aikinsa ba ya ɓaci.

Amma bakin abokan aiki bai bar shi ba. "Mai Sauro, yau cizo za ku yi, ko dai kukan kunne ne kamar kullum?" Yana taya su dariya, ya dawo gida abin yana cin sa. Ba mugun mutum ba ne, ba kuma mai haɗama ba. Gajiya ya yi da zama abin tsokana, kuma dariyar abokan aiki tana sa namiji ya yi abin da yunwa ba ta sa shi ba.

Akwai wani mai gyaran janareta a bakin titinsu, wanda ake kira Injiniya. Wurinsa ya kai injin, suka yini a kai. Injiniya ya kwance salansa, ya zare ragar da ke ciki, ya huda mata ramuka don hayaƙi ya fita ba shamaki. Ya sa filaya ya ɓamɓare 'yan robobin da kamfani ya toshe kusoshin kafireta da su, ya murɗa ya ƙara mata mai. Ya cire gasket mai kauri ya sa siriri, don matsin cikin injin ya ƙaru. Shi kuma Mai Sauro ya zauna da magagari yana cinye 'yan tuddan nan da ke gaban kowane haƙorin sarƙa, waɗanda aikinsu shi ne hana haƙori nutsewa da yawa a cikin itace. Daga ƙarshe suka ɗaura masa dogon ƙarfe da doguwar sarƙa.

Da aka ja igiya, ƙarar da ta fito sai da ta sa mai shayin da ke tsallaken titi ya zubar da kofi. Mai Sauro ya riƙe injin yana jin sa yana fizga a hannu, bakinsa har kunne.

Injiniya ya goge hannu ya ce, "Ƙarfi kam ya yi, amma fa ka sani an yi masa abin da ba a halicce shi don shi ba. Kuma ka nemi auduga ka toshe kunne. In wannan yana aiki, ko kiran ka ake yi ba za ka ji ba."

"Wa zai kira ni a gindin bishiya?" in ji Mai Sauro.

In ban da dogon ƙarfen, daga waje dai injin yana nan yadda yake, ɗan ƙarami, da fentinsa da ya koɗe da igiyarsa mai ƙulli. Wanda ya san shi jiya zai rantse shi ne yau.

Ba a jima ba wani mai fili a wajen gari ya zo neman wanda zai cire masa tsohuwar ƙirya, yana so ya haƙa harsashin gini. Ƙirya itace ne mai taurin tsiya, wannan kuwa mutum biyu ba sa zagaye ta da hannu. Mai Sauro ya miƙe ya ce shi zai yi, kuma yau. Abokan aiki suka bi shi don su sha kallo.

Bai hau ya sauke rassa ba, gindi ya nufa kai tsaye. Sarƙa ta kama itacen tana ci, jan gari yana feshi har ƙirjinsa. Da ya kusa tsakiya sai ya ji hannunsa ya yi sauƙi, alamar akwai kogo a ciki. A daidai nan, a ƙarƙashin rurin injin, ya ji wani abu siriri, kamar kukan yaro daga cikin ɗaki rufaffe. Ya ɗaga yatsa daga kan mai, injin ya sassauta. Ya waiwaya, ya ga mutanensa a tsaye suna kallo, ɗaya har ya fara tafa hannu yana cewa, "To ai ga shi nan, sauro ya gaji!" Sai ya mai da yatsansa ya danna har ƙarshe.

Kafin la'asar ta yi sanyi ƙirya tana ƙasa. Kogon da ke gindinta fes yake, babu tururuwa, babu kashin jemage, kamar ɗakin da aka share da safe. Ba wanda ya tsaya dubawa. Abokan aiki suka yi ta jinjina masa, har suka tayar da nasu injinan suka taya shi daddatsa ta, motar wani gidan burodi ta zo ta kwashe itacen duka. Wannan ne murmushin da ya dawo gida da shi a yammacin da aka fara jifa.

Daga ranar gidan bai ƙara ganin magariba lafiya ba. Da rana babu komai, tsakar dare ma shiru. Amma da zarar rana ta taɓa ƙasa sai jifa ya fara, ba ya tsayawa sai duhu ya rufe. Garin katako a randa, a cikin gado, a aljihun rigar makarantar yarinya. Daga baya aka ƙara da murya. Muryar mace ce, tana zagaya bayan katanga a hankali tana kiran yaro, irin kiran da uwa ke yi in ta fara jin tsoro, amma ba a iya kama sunan da take faɗa. Maƙwabta suka fara rufe tagoginsu tun la'asar. Masu shigowa aron wuƙa da masu shigowa hira duk suka ɗauke ƙafa.

Mai Sauro ya sha jinin jikinsa. Ya zare wa injin fulogi, ya tsiyaye man, ya kai shi shagon Injiniya ya ce a ajiye masa. A yammacin ranar suna zaune a ɗaki, suka ji an ja igiya a ƙarƙashin rumfa, inji ya yi tari, aka sake ja, ya tashi. Ya fita da gudu. Benci ne kawai a wurin da tsumman da yake gogewa da shi.

Washegari aka shiga jikin yarinyar. Tana kan tabarma tana aikin makaranta, sai fensir ya suɓuce daga hannunta. Ta ja jiki da hannu, tana jan ƙafafu kamar ba nata ba, har ta shige lungun da ke tsakanin kabad da bango. Ta dunƙule, ta toshe kunnuwa, ta kafe ido a kan wani abu da ke matsowa wanda ita kaɗai take gani. Sannan ƙarar ta fito daga maƙogwaronta, tarin inji da rurinsa, ba kuskure ko kaɗan. Uwar ta yi kanta tana salati. Uban ya tsaya a bakin ƙofa yana kallo.

Haka ya zama kullum. In duhu ya rufe sai ta sulale, in gari ya waye ta kwanta ido a rufe, ba ta magana, ba ta amsa kira, sai an ɗura mata ruwa da cokali. An kai ta asibiti, aka auna abin da ake aunawa, aka ce ba a ga komai ba. Yarinyar da ke da kumatu ta koma sai idanu. Uban yakan zauna a gefen katifa ya riƙe 'yan yatsunta yana kiran ta a hankali, ita kuwa ko motsi.

Wata safiya matar ta tare shi a tsakar gida. Ba ta ɗaga murya ba.

"Maigida, don girman Allah, me ka taɓo mana?"

Ya gaya mata labarin ƙirya da kogonta. Maganar kukan ce kawai ya haɗiye.

Ita ce ta yi ta cigiya har aka kwatanta mata wani tsohon malami da ya san irin wannan aiki. Ya zo da ƙafarsa kafin faɗuwar rana, ɗan siririn dattijo mai sanyin murya, bai riƙo komai ba sai carbi. Ya nemi ruwa ya yi alwala, ya ce a shimfiɗa yarinyar a tsakar ɗaki, uwar ta riƙe ƙafafunta, uban ya zauna a bakin ƙofa. Sannan ya zauna ya jira har hasken taga ya fara ja.

Guntun itace na farko ya faɗo a kan kwano. Malam ya fara karatu, murya ƙasa-ƙasa, ba gaggawa. Jifa ya tsananta har ba a jin abin da yake faɗa, amma bai ɗaga murya ba, bai kuma tsaya ba. Yarinyar ta fara miƙa, ƙarar inji ta taso daga wuyanta, ta hau, ta hau, sai ta yanke tsit. Jifa ma ya tsaya.

'Yar Baba ta tashi zaune. Zaman ba nata ba ne, zaman babbar mace ne wadda ta gaji.

"Ya isa, Malam," in ji wata murya daga bakinta, dusasshiya, irin ta wadda ta daɗe tana kuka. "Ina jin ka."

"Wace ce ke?"

"Uwa ce ni, kamar wannan da ke riƙe da ƙafa."

"Me yarinyar nan ta yi miki?"

"Ba ta yi mini komai ba. Tawa ma ba ta yi wa kowa komai ba."

Malam ya ajiye carbi a cinya. "Faɗi, muna saurare."

Kan yarinyar ya juya a hankali zuwa bakin ƙofa, idanun a rufe. "Mun san shi. Duk mazauna itatuwan bayan gari sun san shi da ɗan injinsa, kuma ba mu taɓa tsoron sa ba. Masu manyan injina in mun hango su guduwa muke yi da abin da hannu ya ɗauka. Shi kuwa ranar farko rassa yake saukewa, ya yanka baki, injin ya mutu, ya tafi gida. Mu kwana muna kwashe kaya a natse. Har albarka tsofaffinmu suke sa masa, suna cewa ga ɗan Adam mai ba mutane lokaci."

Mai Sauro ya dafe kai. Abin da ya yi shekaru yana jin kunyarsa ke nan.

"Ran nan na hango shi tafe da injin a kafaɗa. Na gane shi, na gane injin. Na ce wa 'yata ta zauna, akwai sauran gobe. Ba ta tafiya, Malam, tun haihuwa ƙafafunta ba su taka ƙasa ba. Na ce bari in je in nemo mana wurin da za mu koma, in dawo da magariba in goye ta. Na dawo da magariba."

Uwar 'Yar Baba tana kuka ba sauti, hannunta na kan ƙafafun 'yarta.

"Bai sani ba," in ji Malam. "Ɗan Adam ba ya ganin ku. Wanda ya yi abu cikin rashin sani ba a kama shi da laifin ganganci."

"Tambaye shi."

Malam ya juya. Matar ma ta juya. Mai Sauro ya sunkuyar da kai ya ce, "Na ji wani abu. Na ɗaga hannu. Mutane suna kallo na. Na mayar."

Kallon da matarsa ta yi masa bai daɗe ba, ta kau da kai, kuma da ta zage shi da ya fi masa sauƙi.

Malam ya yi ajiyar zuciya. "Me kike nema?"

"A ba ni gungumen da kogon yake ciki, in binne abin da ya rage."

"Allah gafarta Malam," in ji Mai Sauro, "gidan burodi ne suka kwashe. Tun a makon suka ƙone shi."

Matar ta toshe baki da gefen zane, domin daga gidan burodin nan suke saye kowace safiya.

Kukan da ya fito daga bakin yarinyar ba a taɓa jin irinsa a unguwar ba. Da ya lafa, muryar ta ce, "To rai a bakin rai. Zan tafi da wannan."

"Ba za ki tafi da ita ba," in ji Malam, ya koma karatu, wannan karon da ƙarfi. Jikin yarinyar ya riƙa murɗewa, gumi yana zuba, muryar tana ihu. Cikin ihun ta ce, "Ƙone ni, Malam! Ƙone ni mana! Me ya rage da zan ji wa tsoro?"

Dattijon ya tsaya. Ya daɗe a wannan aiki, ya san masu taurin kai da maƙaryata da masu wasa da mutane, ya kuma san karatu yana korar mai tsoron ƙuna ne. Ya dubi 'yar fuskar da ke gabansa, ya sauke murya.

"Baiwar Allah, wani ya yi miki gaisuwa?"

Kan yarinyar ya girgiza a hankali, alamar a'a.

"To ni ina yi miki. Allah ya ji ƙanta, ya sa ta huta. Allah ya ba ki haƙuri. Ya ƙarin haƙuri?"

Kafaɗun yarinyar suka sauka. Hawaye ya ɓalle daga rufaffun idanun. Uwar 'Yar Baba, ba tare da kowa ya sa ta ba, ta ce cikin kuka, "Allah ya ji ƙanta. Don Allah ki bar mini tawa. Ita ke nan gare ni."

"Da godiya," in ji muryar daga ƙarshe, a hankali. "Zan fita, saboda ke da wannan tsoho. A haƙa rami a gindin kututturen a binne injin, in sami inda zan riƙa zama. Shi kuma kada ya ƙara ɗora ƙarfe a kan ɗanyen itace."

"Na yarda," in ji Mai Sauro da sauri. "Wallahi na yarda."

"Ki rantse ba za ki dawo ba, kuma ba za ki taɓa lafiyarta ba," in ji Malam.

"Na rantse da wanda ya halicce ni da ku. Za ta tashi, za ta ci, za ta yi tafiya. Amma kada in ɓoye maka, Malam. Kowace magariba ina zaunar da ita inda tawa ta zauna, ina nuna mata abin da tawa ta gani, har fuskar da ta leƙo ta tsagar itace. Da zafin zuciya na yi. Yanzu ko na so ba zan iya ciro shi ba."

Yarinyar ta yi atishawa mai ƙarfi, ta faɗi a jikin uwarta. A waje wani abu ya ja a kan kwanon rumfa, ya wuce ta bayan katanga, sai aka fara jin kukan gyare, wanda aka daɗe ba a ji ba a gidan.

Aka kunna fitila. Can sai 'Yar Baba ta buɗe ido, ta dubi uwarta, ta ce da 'yar muryarta, "Umma, ruwa." Ta sha, ta dubi ɗakin. "Ina Baba?"

Ya taso daga bakin ƙofa da rarrafe, yana dariya yana kuka, ya shigo cikin hasken fitila da hannuwa a miƙe. Yarinyar ta dube shi. Ta ƙwalla ƙara, ta ƙanƙame uwarta tana tura fuska a ƙirjinta.

"Shi ne! Umma, shi ne mai injin! Kada ki bar shi ya zo!"

Malam ya kama hannunsa ya fitar da shi tsakar gida. Mai Sauro ya tambaye shi ko akwai abin da za a yi, dattijon ya ce a yi ta addu'a, bai kuwa dube shi ba da yake faɗa.

An binne injin kamar yadda aka yi alkawari, jifa bai sake dawowa ba. Yarinyar ta warke, kumatunta suka ciko, ta koma makaranta. Ta san kowa, ta tuna komai, har tsokanar da take yi wa ubanta. Fuskarsa ce kawai ta zama ta wani. Ya aske gemu, ya sake kaya, ya gwada tsayawa daga nesa, ya gwada zuwa da alewa a hannu, duk ɗaya. Da ta hango shi sai jikinta ya ɗau rawa, ranar kuma ba za ta ci abinci ba. Uwar ta yi bayani har ta gaji, ta nuna mata hoto, yarinyar ta ture shi tana kuka tana cewa me ya sa ake mata ƙarya.

Muryarsa kuwa ta san ta. Wannan ya fi komai ciwo. In ya tsaya a bayan ƙofa a rufe ya yi magana, sai ta taso da gudu ta manna kunne a jikin katako, su yi ta hira. An gaya mata aiki ne ya riƙe shi, ba ya iya shigowa tukuna, ita kuma ta karɓa, don yaro yana karɓar abin da ya fi sauƙin ɗauka.

Wata rana suna irin wannan hira ta rage murya ta ce, "Baba, mutumin nan yana nan fa. Jiya na gan shi a tsakar gida yana alwala. Ba na iya barci in yana nan. Ka kore shi, ka ji?"

Ya dafa ƙofar da tafin hannu.

"Baba, ka yi alkawari."

"Na yi, uwata."

Bai taɓa saɓa mata alkawari ba. Kafin ta dawo daga makaranta washegari ya naɗe tabarmarsa, ya zuba kayansa a buhu, ya koma wata rumfa a bayan kasuwar katako, inda yake dakon itace yanzu. Matar ta raka shi har bakin titi, ba ta ce ya zauna ba, ba ta ce ya tafi ba.

Da yamma wayarsa ta yi ƙara. Muryar yarinyar ce, tana haki don murna.

"Baba! Ya tafi! Umma ta ce ya kwashe kayansa duka. Na duba ko'ina, har rumfa, ba ya nan."

"Madalla, uwata."

"To yanzu ka dawo. Na share maka ɗaki. Yau za ka zo, ko gobe?"

Ya dubi tabarmar da ya shimfiɗa a tsakanin tarin katako, ya share fuska da hannun riga, ya gyara murya don kada ta ji komai.

"Gobe," ya ce.